Rigar sanyi mai gashin agwagwa: a ina take samo ɗumin?

Sarkin_Shakka:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Waɗannan rigunan sanyi masu kumburi, da jakunkunan barci na masu hawan duwatsu, waɗanda ake cusa wa lallausan gashin agwagwa ko na dinya, in ka ɗaga su sai ka ji kamar ba ka ɗauki komai ba. Amma ana cewa mutum yana kwana a cikinsu a tsakiyar ƙanƙara ya wayi gari lafiya lau. Ni a sanina abu mai nauyi shi ne maganin sanyi. To wannan gashin a ina yake samo ɗumin? Wani sinadari ake zuba masa, ko dai zaƙin bakin masu talla ne kawai? Masana a warware mana.

Malam_Fiziks:
Wa alaikumus salam. Malam Sarki, gashin ba ya samo ɗumi a ko'ina, domin ba shi da shi. Ɗumin naka ne. Jikin babban mutum, ko yana zaune bai motsa ba, yana fitar da zafi wajen wat 80 zuwa 100 dare da rana. Aikin rigar kawai ta hana wannan zafin saurin guduwa.

Kuma in za a bi gaskiya, ba ma gashin ne ke tare zafin ba, iskar da ya riƙe ce. Iskar da ke tsaye cik ba ta iya ɗaukar zafi daga nan zuwa can sai da ƙyar. Ruwa ya fi ta saurin ɗaukar zafi wajen sau 25. Shi lallausan gashin nan ba irin gashin fiffike ba ne mai tsinke a tsakiya. Ɗan curi ne, daga ɗigo guda siraran zaruruwa suke fita ta kowace fuska, kowane zare kuma yana da nasa ƙananan rassa. In curi dubbai suka haɗu sai su sarƙe da juna, su tashi, su raba iskar zuwa 'yan mitsi-mitsin wurare inda ba ta da halin motsi. Saboda haka abin da ake nema kauri ne, ba nauyi ba.

Zee_Kankara:
Wato kamar fulas ke nan. Ka zuba ruwan zafi ya riƙe maka, ka zuba na sanyi ya riƙe maka, shi ba ruwansa.

Malam_Fiziks:
Kin gama magana, 'yar'uwa.

Sarkin_Shakka:
To tsaya Malam. In iska ce ke aikin, ai ko tsirara mutum ya tsaya iska ce kewaye da shi. Me ya sa ita ba ta hana shi jin sanyi? Kuma me zai hana a yi riga ta roba mai ruɓi biyu a hura mata iska, a huta da wahalar agwagwa?

Malam_Fiziks:
Tambaya ta yi kyau. Iskar da ke kewaye da kai a fili ba a tsaye take ba. Wadda ta taɓa fatarka ta yi ɗumi sai ta yi sama, mai sanyi ta maye gurbinta, ita ma ka ɗumama ta ta tafi. Haka za ka yi ta asara, in kuma ana kaɗawa abin ya ninka. Rigar da ka kawo shawara ita ma haka: iskar cikinta za ta riƙa zagayawa, ta ɗebi zafi daga ɓangaren jikinka ta kai wa ɓangaren waje. Sannan akwai wata hanya ta biyu da zafi ke fita, wato ta haskakawa, irin yadda kake jin zafin rana daga nesa ba tare da ta taɓa ka ba. A fanko babu abin da zai tare wannan. Siraran zaruruwan gashin kuwa suna tare shi, su mayar da wani sashe. Aiki biyu ke nan suke yi a lokaci guda, ga shi nauyinsu bai taka kara ya karya ba.

Baba_Mai_Kiwo:
Ni ban yi karatun kimiyya ba, amma na daɗe da tsuntsaye. Duk wanda ya lura zai ga da sanyin safiya tsuntsu yana kumbura jikinsa ya zama ƙato, in rana ta yi ya kwantar da gashin. Abin da Malam ya faɗa ne tsuntsun yake yi da kansa, yana ƙara kauri yana ragewa. Kuma lallausan yana can ƙarƙashi, ya fi yawa a ƙirji da ciki, wajen da ke taɓa ruwa in suna iyo.

Dan_Tsauni:
Bari in ƙara abin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba, domin a nan ake shan wuya. Tunda kauri ne ke aiki, duk inda ka danne gashin to ya tashi daga aiki. Jakar barci komai kyanta, ɓangaren da ka kwanta a kai ya zama tsumma biyu kawai da ɗan abu a tsakani. Lokacin da na hau Kilimanjaro, a sansanonin sama na ga wannan ƙuru-ƙuru. Dutsen tsayinsa mita 5,895, kuma a ƙiyasi duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da wajen digiri 6 da rabi, don haka da dare a can sama ƙasa da sifili ake kwana. Wani abokin tafiyarmu jakarsa ta fi tawa nesa ba kusa ba, amma shimfiɗarsa siririya ce. Ya kwana yana juyi, ƙirji da ɗumi, baya kamar an manna masa ƙanƙara. Ƙasa tana shan zafin jiki ba ta ƙoshi. Shi ya sa shimfiɗar ƙasa take da nata ma'aunin, lambar R, mai nuna ƙarfinta na hana zafi wucewa. Ta lokacin zafi takan kasance 1 zuwa 2, ta kwana kan ƙanƙara 5 ko fiye. Wanda ya zuba duk ƙarfinsa a jaka ya manta shimfiɗa ya yi rabin shiri.

Hafsy_Q:
Yaya Dan_Tsauni, to katifar nan da ake hurawa fa? Ai tana da kauri sosai.

Dan_Tsauni:
Ƙanwata, in fanko ce a ciki, ita ce dai rigar robar Sarkin_Shakka a kwance. Taushi za ki samu, ɗumi kaɗan. Masu kyau ana saka musu wani abu a ciki, ko zaren roba, ko shi gashin, ko siraran fallaye masu mayar da zafi, don a hana iskar yawo. Akwai ma masu tafiya da suka daina ɗaukar cikakkiyar jaka, suna amfani da irin wadda ba ta da baya sam, a ɗaure ta a jikin shimfiɗa. Hujjarsu ita ce me ya sa za su ɗauki gashin da za su danne.

Tela_Mai_Zare:
Ku ba ni wuri in yi magana a kan ɗinki, tunda nan ne fagena. Kun ga layukan nan da ke jikin rigar, ba ado ba ne. In ba a raba cikin gida-gida ba, duk gashin zai zube ya taru a gindi, kafaɗa ta zauna fanko. To rabawar iri biyu ce. Akwai wadda ake haɗa yadin waje da na ciki a bi su da ɗinki ɗaya. Ta fi sauƙi, ta fi rashin nauyi, amma a kan kowane layi kaurin ya zama sifili, ta nan sanyi ke shiga. Ka ɗaga irin wannan rigar a gaban fitila za ka ga haske yana ratsowa ta layukan. Ta biyun ita ce ake ɗinka ɗan siririn yadi a tsaye tsakanin na waje da na ciki, kowane gida ya zama akwati mai bango, kauri bai yanke a ko'ina ba. Wannan aiki ne mai cin lokaci, ita ake yi wa jakunkuna da rigunan sanyi mai tsanani.

Sannan yadin kansa sai an saƙa shi a matse ƙwarai, a bi ta kansa da ƙarfe mai zafi a toshe ƙofofin saƙar, in ba haka ba gashin zai yi ta fitowa, iska kuma ta ratsa ta kore ɗumin da aka tara. Ku duba bayan zif ɗin jakar kirki, akwai wani dogon matashi cike da gashi da ke rufe shi, akwai wani kuma a wuya. Duk toshe ƙofa ne.

Maman_Ilham:
Allah ya saka da alheri. Ni lambobin nan ne ke ruɗa ni. Wata riga an rubuta 600, wata 800, wata kuma 90/10. Na ɗauka mai 800 ta fi ɗumi kai tsaye.

Injiniya_Bash:
Hajiya, nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Lambar 600 ko 800 ingancin gashin take nunawa, ba ɗumin rigar ba. Ana ɗaukar oza ɗaya, wato wajen giram 28, a zuba a wani bututu, a ɗora masa ɗan nauyi da aka ƙayyade, a ga wurin da ya cike. In ya cike gurbi 800, kowane gurbi ɗan akwati mai inci ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, shi ne 800. A lita, wajen lita 13 ke nan daga giram 28 kacal. Mai 600 kuwa wajen lita 10. Amma sai kin san nawa aka zuba a rigar. Giram 100 na mai 800, da giram 200 na mai 600, wa ya fi? Ki ninka: 80,000 da 120,000. Ta biyun ta fi kauri da rabi, za ta fi ɗumi in ɗinkinsu ɗaya ne, sai dai ta fi nauyi da cin wuri a jaka. Babbar lamba amfaninta ga mai goyon kayansa a baya ne yana hawan dutse. Wanda zai fito daga gida ya shiga mota, 600 mai yawa ta ishe shi.

Ita kuma 90/10, kashi 90 lallausan curi, kashi 10 ƙananan gashi masu tsinke. 80/20 ta fi ta yawan masu tsinken. Su ne kike ji suna soke ki ta cikin yadi.

Abbakar_77:
Na dinya ya fi na agwagwa ko? Haka na ji. Kuma fari ya fi toka-toka.

Injiniya_Bash:
Dinya ta fi girma, curinta yakan fi girma, musamman wadda ta manyanta, shi ya sa manyan lambobi galibi nata ne. Amma 700 na agwagwa da 700 na dinya aikinsu ɗaya. Launi kuwa ba ya ƙara komai. Ana son fari ne don kada ya nuna ta cikin yadi mai haske.

Baba_Mai_Kiwo:
Sai dai wari. Na agwagwa in ba a wanke shi da kyau ba, da ya ji danshi za ka san asalinsa.

Ustaz_Tarihi:
Tunda mai tambaya ya yi zargin talla, bari in kawo tarihi kaɗan, domin ba shi kaɗai ya taɓa shakka ba. A 1922, cikin tawagar Birtaniya da ta tunkari dutsen Everest akwai wani masanin sinadarai haifaffen Ostareliya, George Finch. Ya sa aka ɗinka masa riga cike da lallausan gashin agwagwar teku, yadin wajenta irin na balan-balan ɗin da ke ɗaukar mutane sama. Abokan tafiyarsa masu kayan ulu suka yi ta yi masa dariya, har sai da sanyin dutsen ya raba gardama. Shi da Geoffrey Bruce suka kai sama da mita 8,300 da taimakon iskar oksijin, wanda a lokacin babu wanda ya taɓa kaiwa.

A Amurka kuma wani ɗan kasuwa a Seattle, Eddie Bauer, ya kusa mutuwa da sanyi a wata fita kamun kifi cikin hunturu, bayan kayan ulun da ya sa sun jiƙe sun daskare. Daga nan ya ƙirƙiro rigar gashi mai ɗinkin gida-gida a 1936, ya yi mata rajistar mallaka a 1940. Abin da Tela ya bayyana na hana gashi zubewa ƙasa, shi ne matsalar da ya warware.

Sarkin_Shakka:
Ashe ina da magabata a shakka. To na gwada da kaina jiya da dare. Na aro rigar maƙwabcina, na naɗe dunƙulen ƙanƙara a cikinta, na ajiye wani irinsa a faranti a fili. Na fili ya narke tas, na cikin rigar yana nan da sauransa. Da rigar na da ɗumin kanta ai shi zai riga narkewa. Wannan ɓangaren na yarda. Amma har yanzu ban sauka daga kan maganar nauyi ba. Bargo mai nauyi yana kwanciya a jikinka ya toshe ko'ina, wannan kuwa sai ka ji kamar ba ka rufa ba.

Zee_Kankara:
Maƙwabcin ya san abin da aka yi da rigarsa kuwa? 😂

Malam_Fiziks:
Malam Sarki, a nan kana da rabin gaskiya. Nauyi yana taimakawa wajen toshe gefe, kada iska ta shigo ta ƙarƙashi. Amma ba nauyin ne ke riƙe zafin ba. Shi ya sa ake yanka jakar barci daidai jiki, faɗi a kafaɗa, tsukakke a ƙafa, da hula mai igiya da ake ja har sai hanci da baki kaɗai suka rage a waje. Siffa ce ta maye gurbin nauyi. Jakar da ta yi maka yawa kuwa, duk fankon da ke ciki kai za ka ɗumama shi, kuma kowane juyi ka yi sai ka tura iska mai ɗumi waje ka jawo mai sanyi.

Kyaftin_Ruwa:
Duk kun yabi gashi, ba wanda ya faɗi babban aibinsa. Ya jiƙe ya mutu. Curin yana manne wa juna ya dunƙule, kaurin ya tafi, ga ruwa mai saurin ɗaukar zafi ya maye gurbin iska. Kuma bushewarsa a daji sai an yi da gaske. Ni aikina a kan ruwa ne da wuraren da ake yayyafi ba ƙaƙƙautawa, ba na taɓa shi. Zaren roba nake sawa. Irin su PrimaLoft ai saboda wannan matsalar aka ƙirƙiro shi a shekarun 1980, sojojin Amurka ne suka nemi abin da zai yi kama da gashi amma bai faɗi in ya jiƙe ba. Ya fi nauyi, bai kai gashi matsuwa ba, na yarda, amma na fi son abin da ba zai ci amanata ranar da na fi buƙatarsa ba.

Hafsy_Q:
To ya aka yi ita agwagwar take wuni a ruwa ba ta jin sanyi?

Baba_Mai_Kiwo:
'Yata, lallausan nata ba ya jiƙewa. Manyan gashin waje sun rufe shi ruf, a sarƙe suke, kuma tana da wani maiƙo a gindin wutsiya da take ɗiba da baki tana shafe su. In kin ga tana ta tsefe jikinta, gyaran rufin take yi. Mu mun ɗauko na cikin mun baro na wajen.

Dan_Tsauni:
Kyaftin, gaskiyarka a inda kake, amma kar a mayar da ita doka. A busasshen sanyi, ƙasa da sifili sosai, ruwan sama ba ya cikin lissafi, kuma babu abin da ya kamo ƙafar gashi a ɗumi in aka auna da nauyi. Ga kuma daɗewa. Zaren roba in aka yi ta matse shi ana sakewa yakan gaji ya kwanta cikin 'yan shekaru, gashin da aka kula da shi kuwa yana iya haura shekara goma yana tashi. Yanzu ma akwai wanda ake shafa wa sinadarin korar ruwa, ya fi jure danshi, ya fi saurin bushewa.

Kyaftin_Ruwa:
Jure danshi daban, faɗawa kogi daban. Kuma shafin yana raguwa da wanki.

Dan_Tsauni:
Wanda ya faɗa kogi a cikin sanyi ko me ya sa matsalarsa ta wuce ta riga.

Dr_Amina_S:
Ku biyun kuna maganar ruwan waje, alhali wanda ya fi yawan cutar da mutane daga ciki yake fitowa. Jiki yana fitar da tururi ta fata da numfashi ko ba a yi gumi ba. Tururin yana ratsa gashin zuwa waje, in ya isa wajen da ya yi sanyi sai ya koma raɓa, in sanyin ya tsananta ya daskare a cikin jakar. Dare ɗaya ba komai, amma tafiya mai tsawo yana taruwa. Saboda haka kada a cusa fuska cikin jaka ana numfashi, duk da daɗin da yake yi da farko. Da safe a juya ta a shanya in hali ya yi. Masu doguwar tafiya a ƙanƙara sukan sa wata siririyar jaka da tururi ba ya ratsawa a ciki, su kwana cikin danshin jikinsu don gashin ya zauna a bushe. Ba daɗi, amma yana aiki.

Haka rigar. Mai hawan tudu yana fitar da zafi ninkin na mai zama sau da yawa. In ya sa rigar gashi yana tafiya zai jiƙa ta da gumi, ya tsaya hutawa sanyi ya kama shi. Rigar ta lokacin tsayawa ce. A tafi da kaya marasa kauri, da an tsaya a zura ta tun kafin jiki ya huce. Zafin cikin jiki digiri 37 ne, in ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari, kuma daga cikin alamominsa akwai rikicewar tunani, mutum ba ya ma gane halin da yake ciki.

Ustaz_Tarihi:
Likita ta tuna mini da tafiyar da mutum uku na tawagar ɗan Birtaniyan nan mai binciken ƙasa, Kyaftin Scott, suka yi a Antatika cikin hunturun 1911, Wilson da Bowers da Cherry-Garrard, don ɗebo ƙwan tsuntsun fengwin. Sanyi ya kai wajen digiri 60 ƙasa da sifili. Jakunkunansu na fatar barewar ƙasashen ƙanƙara ne, da shafin lallausan gashi a ciki. Tururin jikinsu ya yi ta daskarewa a ciki har jakunkunan suka sandare suka ninka nauyi, kullum dare sai an daɗe ana fama kafin mutum ya kutsa cikin tasa.

Zee_Kankara:
Ni a Kanada nake karatu, abin da Anti likita ta faɗa kullum muke gani. Ka fito a dunƙule, ka yi sauri don kada bas ta wuce, ka shiga ciki ga na'urar ɗumama wuri, ka jiƙe sharkaf, ka sauka iska ta same ka. Yanzu da na shiga nake buɗe zif.

Maman_Ilham:
Wani abu kuma. Jakar da aka rubuta lambobin sanyi guda uku a jikinta, wacce za a bi?

Injiniya_Bash:
Wannan daga ma'aunin ISO 23537 ne, wanda ya gaji na Turai, EN 13537. Ana saka mutum-mutumi mai ɗumama kansa da lantarki a cikin jakar, sanye da kayan ciki masu dogon hannu, a kan shimfiɗa, a ɗaki mai sanyi, a auna wutar da yake ci kafin ya riƙe zafinsa. Lamba ta farko ita ce sanyin da matsakaiciyar mace za ta yi barci a sake. Ta biyu, wanda matsakaicin namiji zai kwana a dunƙule ba tare da rawar ɗari ba. Ta uku ba ta barci ba ce sam, iyakar da ake sa ran mace za ta tsira da rai na awa 6 ne, kuma tana iya fitowa da illa. Hajiya, ki bi ta farko. Ta ukun ki yi kamar ba ki gan ta ba.

Dan_Tsauni:
Kuma mutum-mutumi ba ya gajiya, ba ya jin yunwa. Wanda ya wuni yana tafiya bai ci ya ƙoshi ba, jikinsa ba zai fitar da zafin da aka lissafa ba. In ka shiga jaka a sanyaye za ka daɗe a sanyaye. Ka ɗan motsa jiki kafin ka shiga, amma kar ka kai ga gumi.

Abbakar_77:
An ce in za ka shiga jakar ka tuɓe kaya ya fi ɗumi. Wani tsohon soja ya gaya mini.

Malam_Fiziks:
Busassun kaya ƙarin kauri ne, ba za su rage ɗumi ba. Inda maganar ke da tushe shi ne kayan da suka jiƙe da gumi, waɗannan a cire su. Sai kuma in ka jibga kaya har ka cika jakar kana danne gashin daga ciki.

Abbakar_77:
Shi dai ya rantse ya gwada duka biyun. Ni ma zan gwada in gani.

Nana_Fiddausi:
Ku yi haƙuri zan karkatar da zancen. Ta yaya ake samun gashin nan? Na ga wani bidiyo ana fige tsuntsu da ransa, ban ƙara jin sha'awar rigar ba.

Injiniya_Bash:
Mafi yawansa daga tsuntsayen da aka yanka don nama ne, kuma Sin ce ta fi kowa samar da shi, sai ƙasashe irin su Hangari da Folan da suka yi suna a na dinya. Amma figar mai rai tana faruwa, ba ƙarya ba ce. Saboda ita aka fito da shaidar RDS a 2014, wadda ta haramta figar mai rai da ɗura wa tsuntsu abinci dole, ana bin sawun gashin tun daga gona. Ki duba tambarin a jikin kayan.

Nana_Fiddausi:
Tambari dai takarda ce. Wa ke tsaye a gonar kullum?

Ustaz_Tarihi:
Ba kowa, sai binciken lokaci-lokaci. Amma akwai hanyar da ba a taɓa tsuntsun ma. A Aisilan, agwagwar tekun nan da ake kira aida ita ke figar ƙirjinta da kanta ta shimfiɗa wa ƙwanta. Manoma suna gadin wuraren da take sheƙa daga dila da tsuntsaye masu cin ƙwai, su ɗebi gashin su sa mata busasshiyar ciyawa a madadinsa. Sai an haɗa sheƙa wajen 60 kafin a sami kilo ɗaya bayan tsabtacewa, don haka abin da ake samu a shekara a duniya 'yan tan kaɗan ne. Ba zai taɓa isar masu riguna ba.

Hafsy_Q:
Tawa rigar ta kwanta, ba ta tashi kamar da. Ta mutu ke nan?

Tela_Mai_Zare:
Wataƙila datti ne kawai. Maiƙon jiki da gumi suna manne zaruruwan. Ki wanke ta da sabulun da aka yi don gashi, ba garin wanki mai ƙarfi ba, domin shi yana cinye ɗan maiƙon da gashin ke buƙata ya bar shi yana karyewa. Kada ki sa ruwan tausasa kaya. Ki ɗauraye sosai, kada ki murɗe, ki tallabo ta daga ƙasa in za ki ɗaga, don nauyin ruwa na iya yaga bangon cikin. Za ta fito kamar ta lalace, duk curi-curi, kada ki tsorata. A injin busarwa da ɗan zafi kaɗan, ki jefa ƙwallon tanis biyu ko uku su riƙa bugun curin. In ba inji, ki shimfiɗa ta inda iska ke wucewa kina warware curin da yatsa lokaci-lokaci. Sai ta bushe ƙarau har ciki, in ba haka ba za ta yi fumfuna. Wajen ajiya kuma a rataye ko a babban buhu mai shan iska, ba a matse cikin 'yar jakarta wata da watanni ba.

In kin ga gashi ya leƙo ta yadi, kada ki zare shi, yana faɗaɗa ramin ya jawo 'yan'uwansa. Ki kamo shi ta ciki ki mayar, ki murza wurin da yatsa.

Maman_Ilham:
Injiniya, lambobin nan uku sun shafi yara? Ina tunanin ɗana mai shekara bakwai ya yi amfani da ta babansa.

Injiniya_Bash:
Ba su shafe su ba, ma'aunin na manya ne, jakar yara ba ta cikinsa. Yaro kuma ya fi babba saurin rasa zafi saboda ƙanƙantar jikinsa. In dole sai ta baban, ki ɗaure ƙasan jakar da igiya daidai inda ƙafarsa ta tsaya don a rage fankon, ki sa masa hula da busasshiyar safa, shimfiɗarsa kuma kada ta gaza ta manya.

Dr_Amina_S:
Mai shekara bakwai babu laifi da wannan dabarar, a dai riƙa duba shi cikin dare, don yara kan zame su fito daga jaka ko su nutse ciki. Jariri kuwa kada a saka shi a jakar manya ko kaɗan, yana iya toshe masa numfashi.